Malamata Mai Awara

Tarihi na karanta, tarihi kuma na zo koyarwa shekarar da aka tura ni wata kolej tsakanin Dakoro da Kornaka. Darakta ya dubi takarduna, ya ce masu tarihi biyu gare shi, Ingilishi ne babu kowa. Malamin kwantaragi ba ya cewa a'a. Na karɓi littafi, alhali Ingilishina bai wuce gaisuwa ba.

Wadda ta rufa min asiri wata dattijuwa ce mai suyar awara a bakin ƙofar makaranta. A Jos ta tashi, can ta yi boko kafin aure ya kawo ta. Kullum da safe sai in tsuguna gefen kasko kamar mai jiran a zuba yaji, in buɗe littafi. Ta karanta, ta bayyana min, ni kuma in shiga aji in zazzage wa yara da ƙarfi, kai ka ce a Landan aka yanke min cibiya.

Sai aka ce sufeto zai zo daga Maradi, duk malamin da darasinsa bai gamsar ba, a soke kwantaraginsa. Darasin makon kuwa wutsiyar nan ce ta ing da aikatau ke ɗauka in ya biyo bayan before ko without. Kwana huɗu tana fama da ni, tana ce min Mushe, yadda ake kiran malami a nan.

"Mushe, kanka da tauri! In ka ga 'yar kalmar ga, liƙa wutsiya, bar neman dalili. Mu ma ba a hwaɗa muna ba."

Ana gobe zai zo, darakta ya tara mu. Ya ce bakin ƙofa ya zama kasuwa, baƙo ba zai tarar da jahilci a ƙofar ilimi ba, a kori masu talla. Da yake ni ne ƙarami, ni aka aika.

Na kuwa je. Na tsaya da alli a hannu na ce umarni ne daga sama. Ta kashe wuta, ta kife kasko. Kunya ta kama ni, amma ba ta kai tsoron rasa aiki ba.

Sufeto ya zauna a bayan aji yana latsa waya. Na liƙa wutsiya duk inda ta ce. Ya rubuta cewa na ƙware, har sababbin malamai su riƙa koyo a wurina. Darakta ya ce ai shi ya gano ni.

Ba ta dawo ba. Babi na gaba ya gagare ni, ran kasuwa na neme ta a tasha da littafi a hammata. Na ja gaisuwa har ta gaji.

"Ta nawa za a zuba, Mushe?"

"Inna, dama darasin nan ne..."

Ta dubi littafin, ta juya awararta. "Nan kasuwa ce. Ilimi na can inda kuka share."