Kwana Goma Sha Tara

Bong Man-sik bai taɓa ganin yaƙi ba. Sojan zaman lafiya ne: ya kwashe ƙanƙara a bakin iyaka, ya fere dankali, ya sha mari wurin saje. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Yeongdong, don haka ba labarin kanzon kurege zan ba ku ba.

Yana bariki mahaifinsa ya yanke jiki ya faɗi a gonar inabi, bai tashi ba. Uwarsa ba ta iya karatu ba, amma ta iya naci. Ta yi ta zarya ofis-ofis tana kuka, ita kaɗai ce, ba mai yi mata noma, har aka sallamo mata ɗanta kafin wa'adinsa na aikin sojan dole ya cika. Ranar da ya dawo ta yanka kaza ta tara unguwa, tana cika baki wai ta fi ƙarfin gwamnati.

Sai da ya fara neman aikin gwamnati abin ya fito. A lokacin, wanda ya cika shekara biyu a soja akan ƙara masa maki biyar a jarrabawar ɗaukar aiki, wanda bai cika ba kuwa uku. Kwana goma sha tara suka rage wa Man-sik. Sau huɗu yana zama, sau biyu maki ɗaya tak ya kayar da shi, alhali waɗanda ba su kai shi kwanya ba suna can bayan tebur a ofishin gunduma. Bai taɓa faɗa wa uwarsa dalili ba. Ni ne mai dogon baki, na faɗa mata ranar da ta ce yaron rago ne, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

Zama ɗaya ya rage masa kafin shekarunsa su wuce iyaka. Ta sa kayanta na biki, ta tasa ni a gaba zuwa ofishin ɗaukar soja.

"Ɗana," ta ce wa jami'in, "yaronku na zo maidowa. Ku karɓe shi ya ƙarasa kwanakinsa, abincinsa ma ni zan riƙa kawowa."

"Inna, soja ba kanti ba ne da ake maido kaya."

"Ai ba gudu ya yi ba, ni na ɗauke shi."

"An rufe takardarsa shekara shida ke nan."

"To buɗe mana. Ba da hannu aka rufe ba?"

Ya fara dariya, ya ga fuskarta, ya daina. Ya ba mu shayin sha'ir, ya rako mu bakin ƙofa.

A tashar bas muka tarar da Man-sik yana jira. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Ka zage ni mana, ko na samu sauƙi."

"Inna, kin ci abinci kuwa?" ya ce, ya karɓi ƙunshin da ke hannunta.

Ya yi zaman ƙarshe, bai ci ba. Yanzu inabi yake nomawa, yana kula da ita ba ƙorafi. Ita kuwa tun daga ranar ba ta sake zama cin abinci tare da shi ba. Takan jera masa kwanuka ta koma madafi, sai ya tashi take ci.