Jirgin Malam Sada Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Malam Sada, abokina, wanda muka ci alli tare a wata sakandare a Kankiya. Shi ilimin ƙasa yake koyarwa, ni Turanci. Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa garinmu ba sai a ɗakinsa. Da ya yi ritaya, ya kafa katako faɗin ɗaki, ya gina ƙasar da ke tsakanin Kankiya da Kusada a kai, ya shimfiɗa dogo, ya ɗora ɗan jirgin batir da ya sayo a Kano.

Wajen zaɓen kayan gini ne taurin kansa ya bayyana. Na ba shi shawarar soso da kwali, don ba su da nauyi. Ya dube ni kamar ɗalibin da ya zo jarrabawa ba biro.

"Haba Malam! Soso ai na katifa ne. Ka taɓa ganin an shuka gyaɗa bisa katifa?"

Kowane wuri sai da ƙasar wurin. Ya hau babur ya ɗebo ta Rimaye, ya ɗebo ta Mawashi, ya kwaso laka a fadamar Kunduru. Da ƙaro yake kwaɓawa, don ya gwada kullun rogo gara ta yi walima. Ƙaiƙayin gero ya rina ya zama ciyawa, busassun saiwoyi suka zama itatuwa. Abu ɗaya masanin taswira ya manta bai auna ba: ƙofar ɗakin.

Yanzu azarar ɗakin ta ruɓe, magini ya ce ba za ta ga ƙarshen damina ba. Katakon ba ya fita sai an yanka shi, laka kuwa ba ta jure zarto. Hajiya Indo, matar marigayin, ta aiko aka kira ni.

"Malam, kai ka san haukan abokinka. Abin da ka ce shi za a yi. Ni dai kar ɗaki ya faɗa wa jikokina."

Na daɗe tsaye a kan katakon. Burtalin shanun da ya zana da farin yashi, a zahiri yau gonaki ne, kuma kan iyakarsa ake ta kai ƙara wurin mai gari. Kurmin da ya dasa ya tafi a buhunan gawayi. Da zai dawo, ina jin ba zai yi wa'azi ba. Zai ce taswirarsa daidai take, ƙasar ce ta yi kuskure.

Abin da ya rage na Sada ke nan: shaida ɗaya tilo kan yadda wurin nan yake kafin mu cinye shi, ga ta kuma ta fi ƙarfin ƙofa. Na roƙi Hajiya ta ba ni zuwa Juma'a. Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, na aika a kira kafinta ya zo da zarto. Allah ya jiƙanka Sada, ka yafe mani.