Kafintan da Ya Gina Dandamalin Kallo a Kan Tafki

A bakin tafkin aka haife shi, a nan ya yi furfura, amma ruwan bai taɓa wuce masa gwiwa ba. Yana ƙarami yayansa ya tafi wanka bai dawo ba, sai washegari masunta suka kawo gawarsa. Tun daga ranar mahaifiyarsu ta hana shi zuwa bakin ruwa, ta kai shi wurin wani kafinta ya koyi aiki. Tsoron da ta zuba masa ya bi jikinsa, har ta rasu bai sake shi ba.

Abokan wasansa Guduma suke ce masa. Wai ba don sana'arsa ba, don in ya faɗa ruwa sai dai a nemo shi a can ƙasa. Shi ma yakan yi dariya, ya ce ai gara guduma da kwaɗo.

Shagonsa na bayan kasuwa ne, rumfar kwano mai ƙanshin sabon katako, zarto a rataye, ƙusoshi cikin tsofaffin gwangwanaye. Ƙofofi da kujerun makaranta yake yi. Amma idan lokacin taron shekara ya matso, komai nasa yakan tsaya. A taron nan ake tseren kwalekwale, iyalai su zo daga ƙauyukan da ke kewaye da tafkin, da tabarmi da kwanukan abinci da jarirai a goye. Shi ke kafa lilon yara, shi ke gyara rumfunan masu saye da sayarwa. Babban aikinsa kuwa shi ne dandamalin kallo, faffaɗan daɓen katako da ake ɗaurewa a kan gangunan mai marasa komai a ciki, ya yi ta yawo a saman ruwa kusa da gaɓa, mata da yara su zauna su ga inda tseren ke ƙarewa.

A kan tudu yake harhaɗa shi. In ya gama sai masunta su tura shi ruwa, su ɗaure shi da igiyoyi biyu a jikin turaku, su ɗora katakon hawa. Shi dai yana tsaye nesa yana nuni da hannu. Shekara da shekaru yana gina abin, bai taɓa taka shi yana kan ruwa ba.

Shekarar da abin ya faru, an kwana biyu ana ruwan sama, ƙasar gaɓa ta jiƙe sharaf. Ranar taron kuwa gari ya waye tas. Lasifika na tashi, yara na layi a gindin lilo, 'yan tsere sun yi nisa can tsakiyar tafki inda za su taso. Cikinsu har da surukinsa, mijin 'yarsa ta fari.

Yana ɗaure igiyar lilo sai ya ji matarsa na ƙwala masa kira daga kan dandamalin. Tana zaune da 'yar tasu da jikanyarsu.

"Malam! Katakon jinginar nan yana motsi, ga yara suna ta rataya a jiki!"

"Ki janye su mana!"

"'Ya'yan mutane nawa zan janye? Ka zo ka buga masa ƙusa kawai."

Ya duba hagu da dama, babu wanda zai aika. Ya ɗauki gudumarsa ya nufi katakon hawa. Taku kaɗan ne, amma sai da ya yi bisimilla ya fi a ƙirga. Yana sa ƙafa a kan daɓen ya ji shi yana numfashi a ƙarƙashinsa kamar bayan dabba. Jikanyar ta tafa hannu.

"Kaka ya hau ruwa! Kaka ya hau ruwa!"

"Yi shiru, amarya, kada ki tara mini jama'a," ya ce.

Ya durƙusa ya fara buga ƙusa, bai yarda ya kalli gefe ba. Shi ya sa bai ga hadarin da ya haɗo ta bayan gari ba. Iskar ya fara ji, mai sanyi, ta ɗauke masa hula. Kwanon wata rumfa ya tashi sama. Sai dandamalin ya yi wata irin girgiza, ya ɗaga kai ya ga turke ɗaya ya tumɓuke daga laka yana bin su a ruwa. Ɗaya igiyar ta miƙe tana kuka, ta tsinke. Katakon hawa ya faɗa ruwa.

Gaɓa tana ja da baya, mutanen da ke kanta suna gudu suna ɗaga hannuwa, ba a jin me suke cewa. Matan da ke kan daɓen suka sa salati, suka kwashi yara suka yi gefen da ke fuskantar tudu gaba ɗaya. Gefen ya nutse, ruwa ya hau katako, kwanuka suka gangara.

Ya san abin da ya gina. In nauyi ya taru wuri guda kifewa zai yi. Ya rarrafa ya kama zanen matarsa.

"Ki ce su zauna," ya ce da ƙyar. "Su rarrabu. Kowa ya zauna a tsakiya."

Ita kuwa Allah ya ba ta murya. Ta miƙe tana daka tsawa, tana jan wannan tana tura waccan, har aka zazzauna. Daɓen ya ɗan daidaita, sai kusurwa ɗaya da ta ƙi tasowa. Ya leƙa ya ga ɗaurin gangar da ke wurin ya kwance, tana zamewa za ta fice. In ta fita, ta kusa da ita ma za ta bi ta.

Ya kwanta rub da ciki ya ja jiki zuwa bakin katakon. Ruwan baƙi ƙirin, ba a ganin ƙasansa. Fuskar yayansa ta faɗo masa a rai, yadda aka shimfiɗe shi a tsakar gida. Ya runtse ido ya zura hannuwansa biyu har kafaɗa, ya laluba ya kamo bakin igiyar, ya naɗe ta a damtsensa ya ja gangar ta dawo mazauninta. Ɗaurewa ba ta yiwu ba, sai riƙewa.

Ruwan sama ya sauko. Duk lokacin da tafkin ya yi toroƙo sai ya rufe masa kai, ya shiga hanci ya shiga baki, ya ɗago yana tari. Gangar na fizga, igiyar na cin namansa. Ya ji wani abu ya yi ƙas a kafaɗarsa, zafi ya ratsa shi har wuya. 'Yarsa ta zauna a kan ƙafafunsa ta danne shi.

"Baba, kada ka saki. Don Allah, Baba."

Kalmar shahada kawai yake maimaitawa a zuci, don ya riga ya sa a ransa yau kwanansa ya ƙare.

'Yan tseren ne suka hango su. Suka watsar da tseren suka juyo, surukinsa a gaba. Iska ba ta bari a koma da dandamalin inda ya taso ba, sai suka ɗaura masa igiyoyi suka ja shi a hankali zuwa wani tsibirin yashi da ke gaba. Ko da gangunan suka daki ƙasa aka sauke kowa, shi yana nan kwance. Sai da surukin ya yanke igiyar da wuƙa, ya ɓamɓare masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

Ba a rasa rai ba. Wata tsohuwa ta karye a hannu, yara da yawa sun kwana da zazzaɓi. Shi kuwa kafaɗarsa ta goce, aka gyara, amma har yau ba ya iya ɗaga hannun dama sama da kansa. A gari wasu suka yi ta zuwa yi masa sannu, wasu suka ce da ma aikin tsoho ne ya fara sakwarkwacewa. Ya daɗe ko ruwan alwala aka zuba masa a fuska sai numfashinsa ya ɗauke.

Shekarar da ta biyo baya benci ya jera a kan gangaren tudu, aka yi kallo daga nan. Mutane suka yi ta ƙorafi wai ba a ganin wanda ya ci. Bara shugabannin taron suka zo shagonsa suka roƙe shi ya sake gina dandamalin. Ya ce su nemi wani. Suka ba ɗan ƙaninsa aikin, aka kafa turakun ƙarfe a cikin siminti. Da safen taron ya je ya zagaya abin tun yana kan tudu, ya jijjiga kowace ganga da hannun hagu, ya sa aka ƙara wa biyu ɗauri. Matarsa da jikanyar suka hau suka zauna. Shi ya koma shago ya ƙarasa wata ƙofa da aka ba shi.