Taraktar da Ba Ta Tafiya Sai da Baba

Ko tsufa zai wawushe duk abin da ke kaina, akwai damina guda da ba zai iya ɗauke min ba, wato daminar da mahaifina ya zama ɗaya daga cikin kayan gyaran tarakta. Wallahi ba zolaya nake ba.

Lokacin ba a daɗe da daina kashe fam da sule ba, ga fari ya gama gigita mutane, kowa na tsoron kada ruwa ya sake gudu. Ina da 'yar rumfar kanikanci a Gyadi-Gyadi, kuma ina ji da kaina, don a unguwar ni kaɗai ke iya kwance injekta, wato famfon da ke tura gas cikin inji, in mayar da shi ba tare da ko kusa ɗaya ta yi saura ba. A zamanin, daga bayan rumfata har Tarauni da Darmanawa gonaki ne zalla.

Wani Alhaji maƙwabcinmu ya sayo tsohuwar tarakta a gwanjo, manoma suka yi layi a yi musu huɗa. Sai dai baiwar Allahn nan tana da hali. Da safe za ta tashi lafiya lau, ta yi 'yan kunyoyi, sai ta fara tari, ta shiɗe, ta mutu a tsakiyar gona.

Babu abin da ban yi mata ba. Na canza filta, na fitar da iska daga bututun mai, na wanke nozul, wato bakin da ke fesa mai. Na kwance injekta ɗungurungum, na baje shi kan farin ƙyalle, na wanke da kananzir, na mayar. Duk lokacin da nake ƙasa ina fama, direban yakan buɗe tanki ya zura kara ya ga ko akwai mai. Ina gamawa a murza ta, ta tashi, ni kuma in karkaɗe hannu ina hura hanci. Kafin in isa rumfa an biyo ni a keke: "Maigida, ta sake!"

Ran nan ta mace a wata gona a Tarauni, sai ga Baba zai wuce 'yar gonarsa da fartanya a kafaɗa. Shi fa Baba ba malami ba ne, wankin hula yake yi, illa dai yana da farin gemu da natsuwa. Alhaji, wanda ya riga ya rasa ta yi, ya tare shi.

"Malam, don Allah ka yi mata tofi, ko baki ne ya kama ta."

Baba ya zagaya ta, ya ce, "To Alhaji, ina bakinta yake?"

Aka nuna masa tanki. Ya murɗe murfin, ya motsa leɓe, ya tofa, ya rufe. Direba ya ɗan buga famfon hannu ya murza. Tarakta ta ɗauka da ruri har tsuntsaye suka watse! Alhaji ya yi kabbara, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ta sake mutuwa, ba ni aka kira ba, Baba aka ɗauko a bayan keke. Ya buɗe, ya tofa, ta tashi. Da Alhaji ya ga zirga-zirgar ta yi yawa, sai ya sa aka ɗaure matashi a kan ƙarfen da ke saman babbar taya, aka kafa lema, aka ɗora min uba a kai. Tun hantsi har la'asar ana jijjiga dattijo a cikin gona, in ta yi tari ya miƙa hannu. Har ya kai direban ba ya cewa a kawo sifana, sai ya ce, "Ina Baba?" Da Baba ya yi ƙorafin yawunsa ya ƙafe, Alhaji ya aiko da tsamiya ya riƙa tsotsa.

Kafin ka ce me, labari ya kai Unguwa Uku. Aka fara yi mana sallama da rediyo, da keken ɗinki, har da wani mai agogon bango. Baba yana rantsuwa shi ba ya da wani asiri, su kuma suna cewa ai haka manyan suke faɗa.

Mutane na dariya, mu a gida ba ma yi. Gadon bayan Baba ya riƙe. Mutumin da bai taɓa sallar farilla a zaune ba, ga shi ruku'u ya gagare shi. Innata ta tare ni a zaure ta ce, "Kai ne makanike, ubanka ne ke gyara. In tsohon nan ya kwanta, ka san da wa zan yi." Na roƙe shi ya daina, ya ce, "In daina, mutane ba su yi shuka ba? Bara me suka ci?" Na san halinsa, in ba taraktar ce ta warke ba, to sai dai a sauko da shi ranga-ranga. Tsoro ya kama ni sosai. Na sake kwance injekta, na zura masa ido har na fara zaginsa a fili.

Wata rana da yamma ina shafa masa man zafi a baya, sai ya ce, "Ni abin da ke ba ni tausayi da dabbar nan, ajiyar zuciyar da take yi."

Na ce, "Wace ajiyar zuciya kuma, Baba?"

"Da na murɗa murfin sai ta ce fuuu, kamar wanda aka sauke wa kaya. Tun ranar farko na so in gaya maka, ka ce in matsa kada mai ya ɓata min riga."

Ko takalmi ban tsaya nema ba. Murfin tanki yana da wani ɗan huji da iska ke shiga, don in mai na fita iska ba ta maye gurbinsa ba, famfo zai yi ta ja ne ba abin da zai zo. Da na isa ƙofar gidan Alhaji inda ake ajiye taraktar, na juya murfin, sai ga hujin an liƙe shi tsaf da danƙo. Ina cikin salati sai muryar Hajiya mahaifiyar Alhaji daga soro: "Ni na toshe shi. A sayo abu da tsada a bar shi da ɓuli, ruwan sama na shiga? Ko tuluna ba na bari haka."

Da allurar da Baba ke gyaran hula na huda shi. Aikin da ya hana ni barci, ko numfashi uku bai ci ba.

Alhaji fa bai yarda ba, wai a haɗa biyun, allura da tofi. Washegari Baba ya ce a ɗora shi karo na ƙarshe. Ya zauna ya harɗe hannu, ya tsuke baki, tarakta ta yi ta huɗa har rana ta yi ja ko tari ba ta yi ba. Da na kama shi ya sauko, ya dubi manoman ya ce, "Ku shaida, yau ban tofa ba. Aikin yaron nan ne."

A hanyar gida yana dafe da kafaɗata na tambaye shi, wai me yake karantawa a bakin tankin nan? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Ni me na sani game da tarakta? Cewa nake, Allah ka nuna wa ɗana inda ciwon yake, kada ya ji kunya."

Na ƙara tallafe shi, muka ƙarasa gida.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Abin da na koya shi ne, kafin in ɗauki sifana in tambayi wanda ke zaune kusa da inji me kunnensa ya ji, ko da bai san sunan kusa ɗaya ba. Har yau kuma in aka kawo min mai ciwon injekta, murfin tanki nake fara murɗawa, in kasa kunne, in yi wa tsohona addu'a.