Tukunyar Oma Holbach

Wata Asabar ta ƙarshen Oktoba, shekarar da na shiga aji biyar, ƙaurin hayaƙin itace ne ya tashe ni. Na leƙa ta taga, sai ga wata tukunyar tagulla an girke a bayan gidan maƙwabtanmu, wadda za a yi wa yara biyu wanka a ciki su bar wuri. Tsohuwar gidan, da kowa ke kira Oma, tana tsaye a kanta da muciyar da ta fi ta tsawo.

Lokacin muna haya a wani ɗan gari gaba da Gaithersburg, Baba yana shiga Washington kullum karanta labarai a sashen Hausa na wani gidan rediyo. Su maƙwabtan namu, iyalin Holbach, in ji su, sun riga Washington ɗin zuwa. Kakanninsu daga Jamus suka taso, suka sare daji, suka dasa tuffa, suka gina coci da dutse, sannan a hankali suka cika maƙabartar da ke bayansa. Sunansu na jikin titi, yana jikin shagon kayan gona, yana jikin allon tsoffin shugabannin makarantarmu. A cikin ajinmu ne kawai babu shi, don jikokin duk sun watse.

Sau ɗaya a shekara suke taruwa su dafa tuffa da kirfa da kanumfari, har ta yi kauri ta yi duhu, a ɗura a kwalabe ana shafa wa burodi. Dokoki biyu ne. Ba a daina tuƙi daga safe har la'asar, don da an tsaya za ta kama. Kuma ba mai taɓa muciyar sai jinin gidan. Mu maƙwabta aikinmu feraye tuffa da kawo itace, ni da ƙanena muna gasar wanda ɓawonsa zai fi tsawo bai tsinke ba, ƙudan zuma na zagaya mu.

A shekarar, jikoki uku kacal suka zo: wani likitan haƙori daga Annandale da 'yan mata biyu. Baba, bayan ya gama gaisuwarsa da ta ishi gari guda, ya yi wa likitan tambayar da Bahaushe ba ya iya haɗiyewa: wane gari ne asalinku a Jamus? Mutumin ya sosa ƙeya, ya ce wani wuri ne dai kusa da kogi. Oma ta ce uban mijinta ne ya hana Jamusanci a gidan lokacin yaƙin duniya, don kada a yi musu kallon baƙi, kuma dokar ta yi aiki fiye da yadda ya so. Kalma ɗaya ta tsira, ita ce Oma, wato kaka, sunan da ake kiranta da shi.

Daga nan Baba ya kasa zama. Ya kai gwauro ya kai mari tsakanin itatuwa, ya dawo ya tsaya kanmu muna ta zuba Turanci. "Ummi, a ina aka haifi kakanki?" Na ce Najeriya. Ya dubi Mama ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Kusa da kogi."

Da rana ta karkata, likitan ya tafi kallon ƙwallon ɗansa, 'yan matan hannayensu suka mutu, kafaɗar Oma ta fara rawa. Mama ce ta fara jin ƙaurin kamu. Ta ɗaure gyale a ƙugu ta miƙa hannu, ta ce da Hausa, "Kawo nan, Iya. Wannan ai tuƙi ne." Oma ta dubi tukunyar, ta dubi hanyar da jikanta ya bi, ta daɗe tana riƙe da muciyar kafin ta saki. Mama ta tuƙe ta kamar tuwon suna, ko ɗigo bai ƙone ba.

Tun daga ranar Baba ya hana mu sakat. A mota, a kan abinci, a bakin makaranta: Daura, Daura, unguwa kaza, ɗan wane jikan wane.

Yau gonar tuffar ta zama gidaje jere masu kama ɗaya, an sa wa unguwar sunan itatuwan da aka sare. Da Oma ta rasu, jikokin duk suka ce ba su da wurin ajiye tukunya, sai ta faɗo gidanmu. Tana wurina a Wheaton, duk Oktoba nakan girka ta, 'yata na tuƙi tana amsa Hausata da Turanci. Bara ta kai kwalba ɗaya makaranta, ta gaya wa ajinsu wai abincin gargajiyar mutanen Daura ne. Na buɗe baki zan gyara mata, sai na tuna likitan nan da koginsa. Ita dai ko ba komai ta san sunan garin.