Hannun Bakur a Faifan da Babu Sunansa

Shekara tara ke nan cif, kuma abin da kunnena ya riƙe daga safiyar ranar shi ne ƙarar cokula biyu a bakin faranti. Yayana Bakur yana zaune a ƙasa a falonmu na unguwar Madain Fahd, yana jiran Umma ta sauke ful, dafaffen waken karin kumallo, burodin tamis yana tururi a cikin takarda, shi kuma yana kaɗa cokulan nan da sauri har kofin shayi ya fara tafiya da kansa a kan tire. Umma ta leƙo daga kicin ta ce in fashe-fashe yake so, ya bari ya yi aure ya fasa kayan matarsa. Ya yi dariya, ya yi loma uku, ya saɓa jakar kayan aikinsa. Kafin azahar aka bugo waya. Ya hau rufin wani bene a unguwar Safa gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wutar lantarki ta ja shi. Shekararsa ashirin da huɗu, ni kuma sha shida.

Mu 'yan Jidda ne, jikokin mutanen da suka zo Hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna. Bakur gyaran mukayyif ne sana'arsa, amma a zuciyarsa makaɗi ne. Kiɗan da ya zaɓa kuwa ba irin wanda ake sa wa amarya ba ne. Death metal ake ce masa: jita tana kururuwa, ganguna suna zuba kamar ƙanƙara a kan kwano, mawaƙin yana fito da murya daga can ƙasan maƙogwaro. Umma ta taɓa jin minti ɗaya a wayarsa, ta ce wannan ai rago ne ake yankawa da dakusasshiyar wuƙa. Ni ma ban ce ina sonsa ba a lokacin. Yayana nake so, sai kiɗan ya biyo shi ya shigo mini.

Ya taɓa gaya mini inda ya samo ƙafarsa. Mai irin waɗannan ganguna yana kaɗa manyan biyun ne da ƙafafu, hannuwa suna can suna nasu aikin. Lokacin da muke yara a unguwar Ruwais, kakarmu Sitti tana da turmi, kuma duk ranar da za a yi fura ita da maƙwabciyarta sukan yi lugude a tsakar gida. Bakur ya ce ƙafafunsa matan nan biyu ne a kan turmi ɗaya. Akwai kuma abin da Sitti take yi in daka ta yi daɗi: ta cilla taɓarya sama, ta tafa hannu, ta cafe ba tare da ta ɓata bugu ba. Shi ma ya sa wannan a kiɗansa. Ana tsakiyar tsawar nan sai komai ya ɗauke na ƙiftawar ido, ka ji ya haɗa sandunansa biyu sun yi ƙas, sannan tsawar ta dawo.

Su huɗu ne a ƙungiyar. Ba zan faɗi sunanta ba. Su ma ba su faɗi nasa ba. Ziyad ne mawaƙinsu kuma jagora, Mazin yana jita, akwai wani na uku mai shiru-shiru. A wancan lokacin irin wannan kiɗa a ɓoye ake yinsa. Ranar Juma'a bayan la'asar sukan tafi wani gidan hutu a bayan gari, su toshe tagogi da katifu. Sun kusa shekara suna ɗaukar faifansu na farko, waƙa takwas. Bakur ya gama nasa ɓangaren sati uku kafin rasuwarsa. Ranar ya dawo tafin hannunsa duk ya yi kanta, ya sa mini abin saurare a kunne ɗaya, ɗayan a nasa. Hausarsa takan tsere masa in yana murna, sai Larabci ya cike gurbin. In zai ce saurara, isma'i ke fara fitowa.

"Isma'i, Auta, saurara nan. Kin ji Sitti?"

Na ji ta. Na ce masa Sitti da ta san inda za a kai ta da ta jefe shi da taɓaryar.

"Halas, shi ke nan, ai ta shiga tarihi," in ji shi. "Za a rubuta sunana, ni kuma in ce nata ne."

Faifan ya fito bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Na dawo daga makaranta ko abayata ban cire ba na buɗe shafin intanet ɗin da suka sa shi, na gangara wurin sunaye. Murya, Ziyad. Jita, Mazin. Ga na ukun. A gaban ganguna sai na ga an rubuta cewa kwamfuta ce ta haɗa su. Na karanta ya fi sau goma, na duba ko akwai sadaukarwa a ƙasa, ko harafin farko na sunansa. Babu. Na kunna waƙa ta uku, na jira wurin da na sani. Komai ya ɗauke, sanduna suka yi ƙas.

Sai masu sharhi suka fara, na ƙasashen waje da na kusa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, da ƙamus a gefena, kamar mai sosa gyambo. Yawancinsu sun ce muryar ba ta da wani sabon abu, jitar kuma an ji irinta. Gangunan ne suka tsayar da su. Wani ya yi mamakin yadda aka koya wa na'ura numfashi irin na mutum. Wani ya ce a cikin bugun yana jin sawun raƙuma a sahara, alhali turmin wata tsohuwa Bakatsiniya ne a Ruwais. Akwai wanda ya ɗauki wurin tafin nan a matsayin shaidar basirar Mazin wajen sarrafa kwamfuta. Da aka yi hira da Mazin aka yaba masa, na ga ya karɓi yabon, har da bayanin irin wahalar da ya sha.

Na rubuta wa Ziyad saƙo mai tsawo. Mutumin da ya sha cin tuwon Umma, wanda yake ce mata Khala, wato Inna, wanda ya ɗauki makarar Bakur yana kuka. Amsarsa kalma biyu ce, Allah yarhamu, daga nan bai ƙara buɗe saƙona ba. Na yanke wa kaina dalili. Su ukun 'yan ƙasa ne masu fasfo, Bakur kuwa baƙin yaro ne mai iƙama, wato takardar zama, a ƙarƙashin kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, an haife shi a nan amma takarda ba ta san haka ba. Na ce sun ga hoton ƙungiya ya fi kyau ba shi. Ban gaya wa Umma komai ba. Tun rasuwarsa ba ta son a ambaci kiɗan, ni kuma ban so in ƙara mata wani ciwon.

Yau Jidda ta canza. Abin da suke toshe taga saboda shi yanzu a fili ake yinsa, da fitilu da tikiti, 'yan mata suna zuwa da ƙawayensu. Bara waccan na je na gan su a wani dandali kusa da teku, na tsaya can baya. Sun ɗauko wani makaɗi, gwani ne ba laifi, gumi yana zuba. Da aka zo waƙa ta uku ya yi shirun daidai, ya haɗa sanduna daidai, amma kamar mai karanta wasiƙar da ba shi aka rubuta wa ba. Nakan tambayi kaina abin da Bakur zai ce da ya ga wannan rana. Ina jin da farko zai yi tsalle don murna, don bai taɓa kaɗawa gaban mutum fiye da goma ba. Bayan haka ban sani ba. Ba mai riƙo ba ne, yakan yafe tun kafin a ba shi haƙuri. Wataƙila shi ya sa ni na riƙe masa.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne in an ƙirga: jakar kayan aiki, sanduna biyu da suka tsattsage, da minti arba'in na kiɗan da mutane a garuruwan da bai taɓa zuwa ba suke ji suna yaba wa kwamfuta. Na daɗe ina ganin wannan ba komai ba ne tunda ba suna. Yanzu nakan ce aƙalla hannun nasa ne, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Shi ya sa na rubuta a nan: Abubakar, wanda muke kira Bakur, shi ya kaɗa.

Ban iya rubuta wannan ba sai bana, domin Umma ta rasu watanni biyar da suka wuce. A rana ta uku Ziyad ya zo ta'aziyya, ya roƙi kawunmu ya kira ni bakin ƙofa. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara fari. Idonsa a ƙasa ya ce akwai abin da ya kamata in sani, kada in ci gaba da zarginsu: Khala ce ta nema.

A nan mutane da yawa sun yi imani cewa kiɗan da mamaci ya bari, duk wanda ya saurara ana rubuta wa mamacin zunubi a kabarinsa, shi ya sa dangi kan bi su goge. Ba ni da ilimin yanke hukunci a kan wannan. Amma Umma ta yarda da shi, kuma kwana goma bayan jana'izar Bakur, ita da ba ta fita ita kaɗai, ta ɗauki tasi har Safa, ta hau bene hawa huɗu zuwa gidan su Ziyad.

Na tambaye shi me ta ce takamaimai. Sunan ta ce a cire?

"A'a," in ji shi. "Kiɗan ta ce mu cire. Duka."

"Kun cire?"

Ya ce in fahimce su, in ba gangunan babu faifan. Sun rantse mata za su sake komai da kwamfuta. Da faifan ya fito shi da kansa ya kawo mata takardar sunayen ina makaranta, ya ɗora yatsa a kan layin, ya fassara mata. Ba su taɓa ko bugu ɗaya ba. Umma kuwa ta sa masa albarka, ta ba shi turare, kuma har ta koma ga Allah tana gode wa yaran nan uku da suka sauke wa ɗanta kaya.