Inna Mai Guga da Jan Gwangwani

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin likita na farko ya ajiye motarsa, Inna Mai Guga ta riga ta buɗe ɗakin wanki na asibiti. Ɗakin yana can ƙurya, bayan kicin, inda mai dubiya ba ya kaiwa ko da ɓatan hanya ya yi. Sai ta rataye mayafinta a ƙusar da ta saba, ta jona dutsen guga, ta yarfa masa ruwa da yatsu, ta saurara. Daga ƙarar take gane ko ya yi zafi. Daga nan kuma har la'asar a tsaye take, tsakanin zannuwan gado da rigunan tiyata da labule. Kowane ɗakin majinyata da launin zaren da take ɗinkawa a gefen zaninsa, kore na yara, shuɗi na masu haihuwa, don haka ba a taɓa jin zanin wannan ɗaki ya kwana a wancan ba. Shekara ashirin da tara tana haka.

Makon jiya ta ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a kira mai hoto ba. Ba komai. Wanda ya raina mai wanki, ya gwada kwana ɗaya a kan zanin da ba a wanke ba, sannan ya zo mu yi magana. Wannan jinjina tata ce, kuma ba don zannuwan kaɗai ba. Akwai wani wanki da ta yi shekara bakwai tana yi a gida, wanda ya fi na asibiti wuyar fita.

Mijinta, wanda unguwa ke kira Baba Direba, ya gaji da tuƙa motar mutane. Ya je wani ofishin lamuni ya ci bashi ya sayi bas, ya ajiye takardar gida a matsayin jingina. Gidan ɗaki uku ne da 'yar tsakar gida mai igiyar shanya, amma shi ne abin da suka mallaka a duniya. Wata biyar yana jan bas ɗin, sai ɓarin jikinsa ya shanye. Aka sayar da motar a wulaƙance. Rabin kuɗin ya tafi magani, rabi ya rage bashin. Abin da ya saura aka raba shi wata tamanin da huɗu, da sharaɗin in biya ya tsaya, gida ya tafi.

Ƙanen mijin ya zo da shawara, kamar yadda masu shawara kan zo bayan an gama cin abinci.

"Yaya, ki sayar da gidan nan tun da mutunci. Wanki ne zai biya kuɗin mota?"

Inna tana ninke kaya, ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Zanin da ya fi kowanne datti ma daga gefe ake kama shi. Ka gaida gida."

Washegari ta jera gwangwanin madara shida a saman kabad, ta ɗaura wa kowanne zare a wuya, yadda take wa zannuwan asibiti. Fari na abinci. Baƙi na wutar lantarki. Shuɗi na ruwa. Kore na makarantar yara. Ruwan ɗorawa na maganin Baba. Ja na bashi. Ranar da albashi ya fito, ja ake fara ciyarwa, sauran su raba abin da ya rage. Dokarta ɗaya ce, kuma duk wanda ya tashi a gidan ya haddace ta: gwangwani ba ya cin bashin gwangwani.

Albashin mai wanki kuwa kowa ya san tsawonsa. Sai ta ƙara masa da gugar maƙwabta ranar Asabar, da dutsen gawayi, don kada baƙin gwangwani ya yi kuka. Ta rage motar haya zuwa rabin hanya, ta cike sauran da ƙafa. Ta haɗa kai da abokan aikinta uku suna sayen sabulu da shinkafa a sari su raba. In mita ta fara ƙyafta ido kafin ƙarshen wata, firji ne ke hutawa, ba a taɓa jan gwangwani.

Baba Direba jiki ya ƙi, amma baki bai shanye ba. Shi ya raɗa mata Minista. Daga kan katifarsa zai ɗaga murya:

"Ranki ya daɗe Minista, a taimaki talaka da na madarar shayi."

"Kasafi ya rufe. Sai wata mai kamawa."

"Haba! Ko gwamnati tana ƙarin kasafi."

"Wace gwamnatin? Wadda ta sayi bas?"

Sai ya yi dariya har ya sarƙe, ta zo tana bubbuga masa baya tana cewa ya yi a hankali, ruwan ɗorawa ba shi da rarar ko sisi. Da yamma kuma sai ga madarar a kofinsa, ba wanda ya san inda ta fito.

Dokar ta sha gwaji. Shekarar da Auta, 'yarta ta ƙarshe, za ta rubuta jarrabawar fita sakandare, kore bai kai ba, ja kuwa cike yake yana jiran Litinin, ranar biyan bashi. Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana huci.

"Inna, kuɗi ne dai a gidan nan! Gwangwani ya fi ni ne?"

"Bai fi ki ba. Amma in na taɓa shi yau, gobe ma zan sami dalili. A ina za ki ajiye takardar jarrabawar in babu rufi?"

Da rana ta nemi izinin awa ɗaya ta je wajen shugaban makarantar. Malaman da ke wurin sun shaida: ba ta roƙi rangwame ba. Labulen ofishinsa ta kalla, ta ce masa, "Malam, yaushe rabon waɗannan da ruwa?" Ta wanke labulen makarantar kaf da rigunan 'yan ƙwallo na zango guda, aka cike gurbin. Auta ta rubuta jarrabawa, ta wuce jami'a. Waɗanda suka ce 'yar mai wanki iyakarta bakin famfo, Allah ya ba su tsawon rai, suna nan suna gani.

Litinin ta farko bayan albashi, da tsakar rana, Inna kan tafi ofishin lamuni. Kafin ta fita sai ta shimfiɗa takardun kuɗin, ta rufa musu ƙyalle, ta bi su da guga ɗumi-ɗumi. Takan ce wanda ya rufa maka asiri ba a kai masa kuɗi a cukuikuye. In ta dawo sai ta ɗauko wani tsiri da ta yaga daga tsohon zanin gado, ta yi masa ɗinki ɗaya da jan zare. Wata ɗaya, ɗinki ɗaya. Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ba a yi mata ƙwange a ƙirga.

A shekarun farko rasit na hannu ake ba ta, takarda mai kauri. In shekara ta cika sai ta goge su gaba ɗaya, ta adana a rigar matashi. A shekara ta shida ofishin ya koma kwamfuta, aka fara ba ta wani siririn rasit mai santsi da ƙaramin inji ke tofowa. Ta tara goma sha ɗaya a jaka, duk sun yamutse. Wata Asabar ta jera su a tebur, ta rufa ƙyalle kamar yadda ake wa tufa mai tsada, ta bi su da dutse sau biyu. Da ta ɗaga ƙyallen, sai ta ga baƙi ƙirin, kamar an shafa musu gindin tukunya. Ba lamba, ba kwanan wata. Ita da ta yi shekaru ba ta ƙona ko aljihun riga ba! Irin wannan takarda zafi ne ke rubutu a kanta, amma wa ya taɓa gaya wa mai guga haka?

Kunya ta hana ta faɗa wa kowa. Ta ce a ranta, ai su ma suna da nasu littafin.

Bayan mako uku wasiƙa ta zo. Auta ce ta karanta. Ofishin ya ce wata goma sha ɗaya ba su ga biya ba. Kwana talatin, ko a biya duka, ko a sa gida a kasuwa.

"Ai muna da rasit," in ji Auta. "Inna, ɗauko rasit mu kunyata su."

Inna ta ɗauko. Auta ta juya su gaba da baya, ta kalli uwarta. Baba Direba ya buɗe baki zai yi tsokana, ya ga fuskar Minista, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Da safe suka tafi, uwa da 'ya. Manajan matashi ne mai ƙamshin turare. Ya ɗaga rasit ɗaya da yatsu biyu.

"Mama, gawayi kika kawo mana?"

Auta ta miƙe, ta fara ambaton lauya da kotu. Inna ta ja gefen rigarta ta zaunar da ita. Ta warware tsirinta a kan teburin, ta bi jan zaren da farce.

"Ɗana, ga saba'in da ɗaya. Ban ɗinka wanda ban biya ba."

"Kwamfuta ba ta karanta zare, Mama."

Ya yi murmushi, ya tura mata kayanta. A daidai nan ne mai karɓar kuɗi na taga ta biyu, wani dattijo mai tabarau da ya shigo neman sa hannu, ya tsaya ya dube ta.

"Ranka ya daɗe, wannan ai mai gogaggun kuɗi ce."

"Mai me?"

"Gogaggu. Duk garin nan kuɗinta ne kaɗai injin ƙirga ba ya tofarwa. Har ɗumi nake ji a jikinsu. Litinin ta farko bayan albashi, kafin azahar. Ni nake karɓa, ban taɓa rasa ta ba. In kwamfuta ta ce ba ta zo ba, to a tambayi kwamfutar inda ta kai kuɗin."

Manajan ya sosa ƙeya. Ya ce a ba su kwana uku.

Kwana ukun nan Inna ba ta fasa zuwa aiki ba. Abokan aikinta sun ce sai da ta goge zani ɗaya sau uku. Shi kuwa dattijon ya bi Litinin goma sha ɗaya ɗaya bayan ɗaya, yana neman adadi iri ɗaya a sa'a iri ɗaya. Ya same su duka, a jere, a fayil ɗin wani mutum daban. Ashe ranar da aka kwashe sunaye zuwa kwamfuta, an juya lambobi biyu a lambar Baba Direba.

Ranar Alhamis wayar Auta ta yi ƙara. Ta tafi asibiti da gudu, ta ratsa kicin, ta faɗa ɗakin wanki.

"Inna, sun gani! Duka sha ɗayan!"

Inna ta kafa dutsen a tsaye, ta zare shi daga wuta, don ko a ranar farin ciki ba ta barin guga a kan zani. Sannan ta zame ta zauna a kan tulin kayan da ba a wanke ba, ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe, abin da ta fara cewa shi ne, "To wancan bawan Allah da aka zuba wa kuɗina, kada su tayar masa da hankali lokaci ɗaya."

Saura wata goma sha uku, ta biya su ɗaya bayan ɗaya. Ɗinki na tamanin da huɗu ya zo wata guda kafin ta ajiye aiki. Manajan da kansa ya miƙo mata takardar gida da hannu biyu, bai ambaci gawayi ba. Ta kawo ta gida ta shimfiɗa a tebur, sai ta lura kusurwa ɗaya ta lanƙwashe. Idonta ya tafi kan dutsen guga.

"Jama'a!" Baba Direba ya kwarma ihu daga ɗaki. "A ɓoye dutsen nan! Minista za ta ƙona mana gida!"

Dariyar da aka yi a gidan ranar, har maƙwabta sai da suka leƙo.

Inna, ke ce katangar da ba a yi wa fenti ba, amma ita ke riƙe da rufi. Ke ce kika biya bashin da ba ke kika ɗauko ba, ba ki taɓa goranta wa mai shi ba sai da wasa. Ke ce kika nuna cewa ƙaramin albashi ba ƙaramin mutum ba ne. Kin yi kuskure sau ɗaya, na masu son abu ya fita tsaf, kuma tsaftar nan ce ta dawo ta tsaya miki shaida. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya hutar da gajiya, ya ba Baba lafiya. Dattijon taga ta biyu, kai ma ga taka godiyar.

Mai karatu, in wata yana fin albashinka tsawo, ba sai ka jira ka yi arziki ba. Ka raba abin da ke hannunka tun ranar da ya shigo, ka fara da wanda ke binka, kada wani gwangwani ya ci na wani. Ka riƙe ranar biya ɗaya har a san ka da ita. Rasit kuwa, ka ɗauki hotonsa, ka bar shi da yamutsewarsa.

Jan gwangwanin yana nan a saman kabad. Baba ya ce a jefar da shi, Inna ta ƙi. Ta kwance masa jan zaren, ta ci gaba da jefa masa canji, kuma a karon farko a shekara bakwai abin da ya tara nata ne ita kaɗai. Jiya aka kawo abin da ta saya. Kujera ce, mai majingina da matashi, an ajiye ta a tsakar gida ƙarƙashin igiyar shanya. Tun da aka kawo ta sau biyu tana goge mata ƙura, ba ta hau ba.

Shekara ashirin da tara kina tsaye, Inna. Ba wanda ke binki ko sisi. Zauna.